Unguwarmu ta cika ta batse: mu ƙara ɗakunan haya ko mu sayar mu fita bayan gari?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ni mazaunin Tudun Wada ne nan Gusau, a gidanmu na gado. Lokacin muna yara mota na shiga lungunmu har ƙofar gida, famfo na kawo ruwa, yanzu ko keke napep da ƙyar yake wucewa, ruwa sai na 'yan garuwa, wuta ko an kawo ba ta juya fanka, da damina kuwa kwata har cikin zaure. Mahaifinmu ya rasu, mu tara ne magada, wasu na cewa mu cike tsakar gida da ɗakunan haya tunda ana neman ɗaki ruwa a jallo, wasu na cewa a sayar kowa ya je bayan gari ya sayi fili. Don Allah me ya mayar da unguwa haka, yawan mutane ne ko sakacin gwamnati? Kuma wanne ya fi muna alheri?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta, ku kuma ya haɗa kanku. Tambayar taka biyu ce a haɗe, ta farko me ya sa unguwar da ka sani da sarari da ruwa ta koma a matse, ta biyu me za ku yi da gidan da aka bar muku, kuma gaskiya ba a iya amsa ta biyun sai an gane ta farkon, don abin da ku tara za ku yanke a kan tsakar gidan nan shi ne dai abin da maƙwabtanku suka riga suka yanke ɗaya bayan ɗaya har unguwar ta zama yadda kake kuka da ita yanzu. Ni aikina tsara gari ne, awon fili da duba zanen gini da bin hanyar ruwa, na daɗe ina shiga irin waɗannan lungunan da tef a hannu, to daga nan zan ba ka amsa.

Daga ina mutanen suka fito

Ka fara tuna cewa Gusau ba a gina ta da niyyar ta zama hedikwatar jiha ba. Gari ne da ya bunƙasa da kasuwanci, musamman bayan layin dogo da ya taso daga Zariya ya ratsa ta ya kai Ƙauran Namoda a 1929, auduga da gyaɗa suka jawo 'yan kasuwa da leburori da baƙi, unguwanni irin su Sabon Gari da Tudun Wada suka cika da mutanen da suka zo neman abinci suka zauna. Har zuwa 1996 hedikwatar ƙaramar hukuma ce a cikin tsohuwar jihar Sakkwato. Ranar 1 ga Oktoba 1996 gwamnatin Janar Abacha ta ƙirƙiro Zamfara, rana ɗaya garin ya zama wurin zaman gwamna da kwamishinoni da ma'aikatu, ma'aikatan da aka dawo da su daga Sakkwato kowa na neman inda zai sa iyalinsa, kuma ba a gina musu sabon gari ba, cikin tsofaffin unguwannin nan suka kutsa. Daga baya ga Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2013, ga asibitoci, ga makarantu, kowanne da jama'arsa.

Sai haihuwa. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Gusau mutum 383,162, da ƙauyukanta duka irin su Mada da Wonaka da Magami, kuma a lissafin ƙaruwar kashi 3.2 cikin ɗari a shekara da ake amfani da shi, jama'a na ninkuwa biyu ne cikin shekara 22 ko kusa da haka, kaga ke nan ko da ba wanda ya shigo daga waje, yanzu muna dab da ninki biyu na wancan adadin. Tun 2006 ɗin kuma ba a sake ƙidaya ba, wadda aka shirya a 2023 an ɗage ta, shi yasa duk mai tsara famfo ko aji ko gadon asibiti yau da ƙiyasi yake aiki.

Na uku kuwa kai ma ka san shi ba sai na faɗa ba, matsalar tsaro. Shekara goma da wani abu ke nan mutane ke baro ƙauyukan Maru da Dansadau da Tsafe da Zurmi da Maradun da sauransu suna shigowa cikin gari, kuma mafi yawansu ba sansani suke zuwa ba, gidan ɗan'uwa suke sauka, ko su kama ɗaki ɗaya su da 'ya'ya bakwai, ko kango, ko shagon da ba a gama ba. Wanda ya gudo daga daji ba zai je bakin gari ya zauna ba, tsakiya yake nema inda akwai mutane da kasuwa da aikin yini. Wannan shi ya sa ɗaki ya yi tsada a unguwarku. Ina roƙonka kada ka bari zuciyarka ta ɗora laifin a kan waɗannan bayin Allah, na ji mutane na cewa 'yan gudun hijira suka ɓata gari, wallahi ba su suka gina shago a kan kwata ba, masu gida suka gina.

Yadda gida ɗaya ke zama gida biyar

Ga inda nake so ka tsaya ka duba da kyau, don nan ne ainihin amsar take. Unguwa irin taku ba ta ƙara faɗi ko taku ɗaya ba tun da aka yanka ta, iyakarta na nan inda take, abin da ya canza shi ne abin da ke cikin kowane fuloti. Gidan da aka gina ma mutum ɗaya da matansa da 'ya'yansa, da zaure da tsakar gida mai faɗi da bishiyar darbejiya da rijiya da turken awaki, mai gidan na rasuwa sai a raba, wannan ya ja katanga, wancan ya fasa ƙofa ta baya, wanda ya samu ɓangaren titi ya fidda shaguna uku, wanda ya samu ƙurya ya yi ɗakunan haya, kafin shekara ashirin fulotin da ke ɗauke da mutum goma sha biyu ya koma ɗauke da arba'in. Ka ninka wannan sau gidajen layinku. Bututun ruwan da aka binne, da kwatar da aka haƙa, da taransifomar da aka kafa, da firamaren unguwa, duk an auna su ne da adadin farko, kamar rigar da aka ɗinka ma yaro ɗan shekara goma ce aka ce lallai sai ya ci gaba da sa ta yana da talatin.

To laifin waye? Ni dai a ganina kashi biyu ne kuma ba wanda zai wanke kansa. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa duk filin cikin gari a hannun gwamna ne a matsayin amana, dokar tsara birane ta 1992 kuma ta ce ba a gini sai da izinin hukumar tsara gari, ke nan hukuma na da iko kuma tana da alhakin ta hango cewa jama'a na ƙaruwa ta buɗe sababbin unguwanni da titi da ruwa kafin mutane su isa can, ta kuma sabunta na ciki. Inda hakan bai samu ba sai awon igiya ya maye gurbi, mai gona ya kira dillali su yanka ta fuloti fuloti ba filin makaranta ba na asibiti ba hanyar ruwa. Amma ɗaya kashin namu ne, mu masu gidaje, don ba gwamnati ce ta zo da dare ta turo dakalin gidanka taku uku cikin hanya ba.

Ruwan sama, masai da rijiya

Bari in yi maka lissafin da nake yi ma mutane in sun ce ai ɗaki huɗu ne kawai za mu ƙara me zai ɓata. Ruwan sama milimita ɗaya in ya sauka a kan murabba'in mita ɗaya, lita ɗaya ke nan. Fuloti mai ƙafa 50 da 100 kusan murabba'in mita 450 ne. Ruwa mai ƙarfi irin na watan Agusta yana iya kai milimita 50 a dare ɗaya, ke nan lita 22,500 a kan gidanku kaɗai, sama da duro ɗari. Lokacin da tsakar gida ƙasa ce, wani kaso mai yawa na wannan ruwan nutsewa yake yi a nan, sauran ya fita a hankali. Ranar da aka rufe ko'ina da kwano aka shafe ƙasa da siminti, kusan dukkansa indararo zai watso shi cikin lungu a cikin 'yan mintuna, gida hamsin su yi haka lokaci ɗaya, ita kuwa kwatar faɗinta bai ƙaru ba, hasali ma raguwa ya yi, don an ɗora mata silab an yi shago a kai, leda da robar ruwa da yashin gini sun cika cikinta. Ruwan da ke shigo muku zaure ba daga kogi ya zo ba, daga rufin maƙwabta ya zo, naku kuma yana shiga zauren na ƙasa da ku. Akwai kuma wata ɗabi'a da ke ƙara dagula abin, kowa in zai sabunta gini sai ya ɗaga dandamalin gidansa sama da na maƙwabci, a ƙarshe gidan gwauruwa ko na marayu da ba su da kuɗin ciko shi ke zama tafkin unguwa.

Ƙasan ƙasa kuma wani labarin ne. Gusau a kan dutse take zaune, ba irin yashi mai riƙe ruwa da yawa na wajen Sakkwato da Kebbi ba, ruwan da ke ƙasa yana cikin ruɓaɓɓen dutse ne na sama da tsagogin da ke cikinsa, shi yasa za ka ga an haƙa burtsatse nan an samu ruwa, an matsa gida uku an haƙa an tashi a banza, kuma in burtsatse suka yi yawa a wuri ɗaya sai su riƙa janye ma juna da rijiyoyin unguwa, watan Afrilu da Mayu kowa ya ƙafe. Ruwan famfo na gari kuwa daga madatsar da ke kan kogin Sakkwato ake tace shi, kuma ko da injinan na aiki yadda ya kamata, tsohon bututu da aka yi ta hudawa ana jona layi ba bisa ƙa'ida ba ba ya iya kai ruwa ƙarshen layi da ƙarfi, na farko su sa injin ja su zuƙe, ku na ƙurya ku ji iska kawai.

Abin da ya fi tada min hankali a gidajen haya na cikin gari shi ne masai da rijiya. Ƙa'idar da ma'aikatan lafiya ke bi ita ce a samu tazarar kamar mita 30 tsakanin ramin masai da inda ake ɗibar ruwan sha, shi kuwa fulotin gaba ɗayansa tsawonsa mita 30 ne, faɗinsa 15. Ke nan a unguwa irin taku kusan ba rijiyar da ta cika wannan sharaɗin, in ba masanku ba to na maƙwabci na bayan katanga. Na sha shiga gida in tarar da sokawe da rijiya taku biyar tsakani, mai gidan na ce min ai ruwan garau yake, alhali garau ba shi ne tsabta ba, ƙwayar cutar amai da gudawa da ta taifot ido ba ya ganinsu. Ka tuna annobar kwalara ta 2021 da ta ratsa jihohi da yawa har da tamu, irin waɗannan wuraren take fi kamawa, da damina lokacin da ruwan ƙasa ya taso ya haɗe da na masai. In kuka ƙara mutum ashirin a gidan, ramin da ke cika a shekara biyar zai riƙa cika a shekara ɗaya da rabi, kuma motar kwashe shi ba ta iya shiga lungun.

Ga kuma kuɗin ruwan kansa. Mutum ɗaya in zai sha ya yi girki da wanka da wanki da alwala cikin mutunci yana buƙatar kamar lita 50 a yini, gida mai mutum talatin ke nan lita 1,500, jarka sittin mai cin lita 25, kullum ta Allah. Ka tambayi kanka wa zai biya, kuma in ɗan haya bai iya saye ba ina zai ɗiba in ba waccan rijiyar ba.

Wuta ba sai na ja ba. Taransifoma tana da iyakar abin da take ɗauka, yawanci na unguwa 300 ne ko 500 a ma'aunin kVA, wato awon ƙarfin wutar da take iya ɗauka, an kafa ta don gidaje masu ƙwan fitila da fanka da rediyo, yanzu kowane ɗaki da firij da hita da dutsen guga, ga injin niƙa ga mai walda ga injin jan ruwa, ga kuma masu canza layi da gora duk su taru a kan waya ɗaya. Shi ne wutar ke zuwa ja kamar garwashi, daga nan taransifomar ta ƙone a shiga karo-karo.

Maganar lungu

Duk abubuwan da na lissafa ana iya gyara su da kuɗi, bututu ana sake binnewa, taransifoma ana ƙaro wata, kwata ana faɗaɗa ta. Abu ɗaya ne in ya tafi ba ya dawowa sai da rusau da kuka da shari'a, shi ne sararin hanya. Lungun da ka ce mota na shiga da, ba ƙanƙancewa ya yi da kansa ba, wannan ya fito da dakali, wancan ya haƙa sokawe a waje don kada ya ci masa tsakar gida, na gaba ya ga haka ya matso da katanga ta yi daidai da ta maƙwabcinsa, mai shago ya kafa rumfa, kowa taku biyu ya ci kuma kowa na ganin nasa ba komai ba ne. Amma ta wannan sararin ne bututu zai bi, ta nan kwata za ta bi, nan za a kafa falwaya, ta nan motar kashe gobara za ta shiga, ta nan za a fito da mai naƙuda tsakar dare, ta nan za a fito da makara. Ko gobe gwamnati ta ware kuɗi ta ce za ta gyara unguwarku, injiniya zai zo ya duba ya ce ba inda zai sa komai, sai dai a rusa, kuma kun ga yadda aikin sabunta titunan cikin Gusau da gwamnatin Dauda Lawal ta fara a 2023 ya fi sauƙi a inda aka bar wa hanya haƙƙinta.

Addininmu ma bai bar wannan ba. Hadisi ne ingantacce a Bukhari da Muslim daga Abu Huraira cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hukunta in an yi saɓani a kan hanya a sa faɗinta zira'i bakwai, wato wajen mita uku da rabi, a zamanin raƙumi da jaki ke nan. Yau a cikin garin nan akwai lungunan da ba su kai zira'i huɗu ba, kuma masu sallah a sahun farko ne suka cinye su. Wannan abin na ci min rai ƙwarai.

To ku gina ko ku sayar?

Cike tsakar gida kaf da ɗakuna, ni ban ba ku shawarar haka ba. Na san lissafin da 'yan'uwanka ke yi, ɗaki shida sau kuɗin haya na shekara, amma ba su cire kuɗin bulo da siminti da kwano a farashin yau ba, wanda tun cire tallafin mai a watan Mayun 2023 komai ya ninka, ba su cire kwashe masai da gyaran rufi da watannin da ɗan haya zai kasa biya ba, kuma mafi yawan masu neman ɗaki ɗaya a yanzu mutane ne da ke cikin ƙunci, ba za ka iya korar mai marayu don ta kasa biya ba, kada ma ka so ka iya. Abin da ya rage a raba shi tara. Sannan ɗakin da ba taga ta biyu, ba inuwa, a zafin watan Afrilu na garin nan, kowa ya san lokacin sanƙarau ne da ƙyanda, cunkoso a ɗaki marar iska shi ke yaɗa su. Za ku samu kuɗi kaɗan ku rasa gidan da ake iya zama a cikinsa, darajarsa ma in an tashi sayarwa ta faɗi.

Sayarwa a fita bayan gari kuma ba laifi ba ne, ga wanda ke da sana'ar da ba ta ɗaure shi da cikin gari ba yana iya zama alheri, wajen Damba da hanyar Zariya da hanyar Sakkwato da ta Ƙaura duk gari na miƙewa. Amma a shiga da ido biyu. Kason mutum ɗaya cikin tara, musamman 'yan'uwanka mata da ke samun rabin na namiji, sau da yawa fili kawai zai saya ba zai gina ba, sai mutum ya wayi gari ya sayar da inuwar da yake ciki ya koma haya yana jiran ranar da zai yi gini. Ga kuɗin abin hawa kullum zuwa kasuwa da makarantar yara, ga ruwa da wuta da sai ka kai ma kanka, ga tsaro, wanda a bakin gari ba abin wasa ba ne yanzu. In kuma filin awon igiya ne, to matsalar da ka gudo ma ita za ka tarar nan da shekara goma sha biyar, har ta fi, don can ko kwatar farko ba a yi ba. Duk wanda zai saya ya je da rani ya kuma koma da damina, ya tambayi tsofaffin wurin ina ruwa ke bi, kada ya sayi fadama ko bakin rafi don araha, waɗanda suka ga ɓarnar da ruwa ya yi lokacin da madatsar Gusau ta ɓalle a 2006 sun san abin da nake nufi. Ya kuma kai takardun ofishin filaye na jiha a duba masa ko wurin na cikin shimfiɗar gwamnati ko an riga an ba wani, takardar mai unguwa da shaidu tana da amfani amma ba ta kai takardar mallaka ta gwamnati ba.

Akwai hanya ta uku da na fi ganin tana yi ma iyalai irin naku kyau, ita ce kada a yanka gidan tara kuma kada a sayar ma bare. A yi masa kuɗi ta hannun masu sanin darajar gida, waɗanda ke son zama su biya waɗanda ke son fita kasonsu, ko a lokaci ɗaya ko kashi kashi da rubutu da shaidu. A fiƙihun Malikiyya da kotunanmu ke bi akwai haƙƙin shuf'a, wato abokin tarayya a gidan da ba a raba ba ya fi kowa cancantar sayen kason ɗan'uwansa in zai sayar, amma wannan fagen malamai ne da alƙalai, ku zauna da malamin da ya san rabon gado kafin ku sa hannu a komai, ni iyakata abin da ya shafi ƙasa da gini.

In waɗanda suka zauna suna son ƙarin ɗaki, to a yi sama maimakon a cinye ƙasa, bene hawa ɗaya a ɓangaren titi, shago a ƙasa ɗaki a sama, tsakar gida ta tsira. Sai dai fa a nan ina ja maka kunne da babbar murya, kada a ɗora rufin kankare na bene a kan tsohon gini don birkila ya ce zai ɗauka. Yawancin gidajen unguwannin nan tushensu na ginin ƙasa ne ko bulo mai inci shida ba ginshiƙi, ba a yi su don ɗaukar bene ba, dole injiniyan gini ya haƙa ya ga tushen da idonsa, ya faɗi yawan rodi da kaurin ginshiƙi, a kai zanen hukumar tsara gari ta sa hannu. Rai fa ake magana. A bar aƙalla kashi ɗaya cikin uku na fulotin ba rufi, wani ɓangaren ma ba siminti, in akwai bishiya a bar ta. Masai a yi shi ginanne mai ɗaki biyu da aka shafe cikinsa da siminti, a sa shi ta gefen da tiyon motar kwasa zai iya kaiwa, cikin gida ba a kan hanya ba, rijiya kuma in tana kusa da shi a bar ta ma wanki kawai. Ku sa tanki a ƙarƙashin indararo, ruwan da zai cika muku zaure ya zama na wankinku na sati. Kowane ɓangare da mitarsa, don rigimar kuɗin wuta ta raba zumunci da yawa a gidajen gado.

Abin da ya fi ƙarfin gida ɗaya

Ko kun yi duk wannan daidai, kwata ba za ta daina shigo muku ba in layin bai haɗa kai ba, don ruwa daga sama yake gangarowa kuma gyaran kwata daga ƙasa ake faro shi, daga inda take zubewa a babbar magudana a biyo ta zuwa sama, in kuka yashe ƙofar gidanku kaɗai kun yi ma ruwan masauki ne. Abin da na ga yana aiki shi ne kwamitin layi ƙarami da mai unguwa da limami a ciki, da asusu da ake karanta shi a bainar jama'a, a yi yashe a watan Mayu kafin ruwa ya sauka, a kwashe abin da aka fitar a ranar don in an bar shi a bakin kwata ruwan farko zai mayar da shi. Sannan a yi yarjejeniya a rubuce cewa daga yau duk wanda zai rushe ya sake gini zai koma kan asalin iyakarsa, ba a ce kowa ya rusa yau ba, amma ba mai ƙara ci, a hankali lungun zai buɗe don gidajen nan duk sai an sabunta su. Filin firamare da na makabarta da duk wani fegi na jama'a da ya rage a unguwar ku sa masa ido, ku nemi a kewaye shi, don su ake fara yankawa.

In za ku kai kuka wurin kansila ko ɗan majalisa ko kamfanin wuta na Kaduna da ke kula da Zamfara, kada ku je da baki kawai, ku ƙirga gidajen da ke kan taransifomar da mutanen da ke cikinsu da shaguna da injina, ku ɗauki hoton inda ruwa ke kwanciya da ranar da aka ɗauka, ku rubuta ku sa hannu ku ajiye kwafi. Jami'in da ke son taimakonku ma sai da irin wannan takardar yake iya shigar da ku cikin kasafi.

Ni ban ga gidanku ba, ban san girman fulotin ba ko yanayin tushensa ko halin da kowane magaji ke ciki, kuma waɗannan na iya juya shawarar, misali in fulotin bai kai rabin wanda na yi lissafi da shi ba to bene ma ba zai yi ba, sayar ma ɗayanku ko ma waninku shi ya fi. Kafin zamanku na gaba ku samo mai awo ya auna gidan ya fidda iyakarsa ta asali a takarda, ku nemo takardun da Baba ya bari, ku kuma tambayi mahaifiyarku da 'yan'uwanka mata abin da suke so tun kafin maza su yanke, don su ne ke yini a tsakar gidan da ake maganar cikewa.